Babin lissafin da muka tsallake a SS2, da shi ake cinye mana kuɗi yau

1/
Jama'a, zare ne mai ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. Maganar lissafi ce, amma don Allah kar ku gudu tukuna. In kana da ƙane ko aboki mai buga bet a waya, ko kai da kanka kana taɓawa, zaren nan naka ne. 🧵

2/
Hutun da ya wuce na je gida Shanga. Bayan isha'i muna zaune ƙofar gida, sai ɗan kawuna ya miƙo mini waya yana washe baki. "Yaya, duba ka gani. Wasa 15 na saka, 14 sun shigo. Ɗaya tak ya ɓata mini tikiti. Wallahi saura kaɗan."

Kuɗinsa sun tafi, amma murna yake yi kamar wanda ya ci.

3/
Ba zan faɗi sunansa ba, kuma sai da na nemi izininsa kafin in rubuta wannan. Yana SS3. In babu makaranta, shi ke raka kawu kai bandar kifi kasuwar Yauri, shi ke karɓar ciniki a waya. Wato dai kuɗin da ke wucewa ta hannunsa ba duka ne nasa ba. Nan gabana ya faɗi.

4/
Ga abin da ya ɗaure mini kai. Yaron nan kullum cewa yake lissafi ba ya shiga kansa. Amma a gabana ya ninka 1.35 da 1.50 da 1.28 da ka, ya ce "kusan 2.6 ke nan", kafin wayar ta nuna. Na danna kalkuleta: 2.59.

Wannan ne wanda ake cewa daƙiƙi a aji.

5/
To ga ra'ayina, wanda ya ga ba haka ba mu tattauna. A duk lissafin sakandare babu babin da matashi ya fi buƙata yau kamar na jeri, zaɓi da yiwuwa, waɗanda muka sani da famuteshan, kombineshan da furobabiliti. Kuma babu babin da ake koyarwa a gaggauce, a wulaƙance, kamarsa.

6/
Ni a tamu makarantar, saura mako biyu jarrabawa muka iso shi. Malam ya rubuta nPr da nCr a allo, ya ce mu haddace. Misalan duk na karta mai 52 ne, da sunayen da ko furta su ba mu iya ba. Muka haddace, muka juye a takarda, muka fito muka manta.

7/
Ban ga laifin malamin can sosai ba. Shi kaɗai ke ɗaukar lissafi daga SS1 har SS3, ga fiziks an ɗora masa. Amma sakamakon ɗaya ne: sai da na shiga aji biyu a jami'a na gane cewa babin nan magana yake yi kan abin da nake gani kullum a bakin ruwa da kasuwa.

8/
Bari in gwada yi muku shi yadda na so a yi mini.

Ku tuna Rigata ta Yauri, tseren kwale-kwale. A ce jirage 8 ne suka tashi. Ta hanya nawa za a iya samun na ɗaya, na biyu da na uku? Na ɗaya: kowane cikin 8. Na biyu: saura 7. Na uku: saura 6.
8 × 7 × 6 = 336.

9/
Wannan shi ne jeri. Wa ya riga wa yana da muhimmanci.

Yanzu a ce ba ruwanmu da matsayi, jirage 3 kawai ake so su wuce zagaye na gaba. Kowane jirage 3 ana iya jera su ta hanya 6, kuma duk shidan abu ɗaya ne a wurinmu. 336 ÷ 6 = 56.

Wannan shi ne zaɓi.

10/
Shi ke nan fa. Duk nPr da nCr ɗin da suka hana mu barci, ƙirga ce: ta hanya nawa abu zai iya faruwa?

Yiwuwa kuma ita ce tambaya ta gaba: cikin duk hanyoyin nan, nawa ne ke gefena? In ka rufe ido ka ce ga na ɗaya, ga na biyu, ga na uku, hanya 1 gare ka cikin 336.

11/
Mu dawo kan tikitin ƙanena.

Kowane wasan ƙwallo ƙarshensa uku ne: masu gida su ci, baƙi su ci, ko canjaras. Wasa 2: 3 × 3 = 9. Wasa 5: 243. Wasa 10: 59,049. Wasa 15: 14,348,907.

Cikin miliyan 14 da 'yan kai ɗin nan, jeri ɗaya ne ke biyan tikitinka.

12/
Da na faɗa masa haka sai ya ce, "Haba Yaya, ai ni ba da ka nake zaɓa ba. Na san ƙwallo. Manyan kulob nake bi."

Gaskiyarsa. Madrid a gida da ƙaramar ƙungiya ba a ce musu kunnen doki ba. Don haka na ce to, mu ba ka girmanka, mu sake lissafi.

13/
A ce ƙwararre ne kai, duk wasa 10 da ka zaɓa 7 na shigowa. Wato 0.7. Wasan Ingila ba ruwansa da na Italiya, don haka in ka haɗa su a tikiti ɗaya, ninkawa ake yi.

Wasa 2: 0.49. Tun nan ka faɗo ƙasa da rabi.
Wasa 5: kusan 0.17.
Wasa 10: kusan 0.03.
Wasa 15: 0.0047.

14/
0.0047 na nufin kusan tikiti 1 cikin 210.

Ka lura, ban ce ba ka san ƙwallo ba. Da saninka ɗin aka yi lissafin. Matsalar ita ce lamba in ba ta kai 1 ba, duk ninkin da ka yi mata ƙara ƙanƙancewa take. Kai kana kallon kuɗin da za a ci na hawa, ita kuma damar tana zurarewa ƙasa, kuma wannan ɓangaren waya ba ta nuna maka shi.

15/
Yanzu kuɗi. Misali ne, ka saka naka lambobin ka gani.

Wasan da damarsa 0.7 ce, in adalci za a yi, 1.43 ya kamata a biya. A ce an ba ka 1.35. Bambancin kamar ba komai. Amma 1.35 sau 15 a jere ninki 90 ne, alhali wahalar da ka ɗauka ta ninki 210 ce.

16/
Ka saka ₦500, in ka ci ka karɓi kusan ₦45,000. Ya yi daɗin ji.

Amma a matsakaici sai ka yanki tikiti 210 kafin ɗaya ya shigo. 210 × 500 = ₦105,000.

Ka biya dubu 105 don ka karɓi dubu 45. Ko sun ƙara maka rabin kuɗin garaɓasa, ₦67,500 ne. Bai kai ba.

17/
Shi ya sa doguwar tikiti ake tallata maka, ita ake yi wa garaɓasa. A wasa ɗaya, ɗan abin da kamfani ke gutsura bai fi naira 5 ko 6 cikin 100 ba a misalin nan. Ka haɗa 15, gutsuren ma ninkuwa yake, har ya wuce rabin kuɗinka. Da hannunka kake ƙara musu kaso.

18/
Sai mu zo kan "saura kaɗan", kalmar da ta fi tsorata ni.

Ta hanya nawa wasa 15 za su shigo duka? Hanya 1.
Ta hanya nawa ɗaya tak zai ɓaci? 15, don kowannensu na iya zama shi.
Ta hanya nawa biyu za su ɓaci? Zaɓar 2 cikin 15: 105.

Ga nCr ɗin da muka haddace ya fito fili.

19/
In ka yi lissafin da 0.7 ɗin nan, "ɗaya ya ɓata mini" ya fi cin tikiti yawan faruwa fiye da sau 6. "Biyu suka ɓata" kuwa kusan sau 19.

Wato abin da ƙanena ya ɗauka alamar ya kusa, abu ne da dole ya riƙa gani akai-akai. Shi ke sa ka dawo gobe. Ƙoto ne a bakin ƙugiya.

20/
Kuma tikitin gobe bai san na yau ba. Wanda ya samu 14 jiya da wanda ya samu 3, in suka yanki sabo da safe, daga wuri ɗaya suke farawa. Ba tsani ba ne da kake hawa mataki-mataki. Babu inda ake ajiye maka 14 ɗinka.

21/
Duk mai buga lido ya san wannan ciwon. Ka jefa sau goma shida ba ta fito ba, sai ka ce "yanzu kam dole ta fito". Ina! Ɗan lido ba shi da tunani, ba ya jin kunyarka. Jifa ta goma sha ɗaya ma 1 cikin 6 ce, daidai da ta farko.

22/
Na san wani zai ce, "Ai na san wanda ya ci miliyan."

Na yarda. Lissafin ma bai ce ba a ci ba. In mutum 21,000 suka yanki irin tikitin nan, wajen 100 za su ci. Su ɗarin nan za su cika mana Facebook da hoton alat. Sauran 20,900 ɗin wa ya taɓa ganin sun saka hoto?

23/
Kawuna masunci ne, tun yana yaro yake shiga ruwa, iyayensa sun ga lokacin da dam ɗin Kainji ya cika a 1968 aka tashi ƙauyuka. Bai yi boko ba. Amma bai taɓa auna sana'arsa da kamun rana ɗaya ba. Ranar da giwan ruwa ya faɗa masa ba ya cewa ya yi arziki. Kamun shekara yake dubawa.

24/
Haka kamfanin bet yake. Bai damu da ka ci yau ba, kamar yadda mai taru bai damu da kifi biyu sun sulale ba. Dubban mutane yake ƙirgawa a dunƙule, kuma ya ɗauki ma'aikata da suka karanta babin nan har ƙarshe. Kai ne ke caca. Shi kasuwanci yake yi.

25/
Kar wani ya ce ilimin Turawa ne, bai shafe mu ba. Khalil bin Ahmad al-Farahidi, malamin Sibawaihi, a Basra ya rayu a ƙarni na 8. Da zai tsara Kitabul Aini, ƙamus na farko na Larabci, da wannan ƙirgar ya yi aiki: ya ɗauki haruffa ya jujjuya su ta kowace fuska don kada kalma ta kuɓuce.

26/
Harafi 3 na jeruwa ta hanya 6, kamar jiragenmu na Rigata. Ɗauki ainun, lamun da mimun. Ka jera su a wani tsari su ba ka "ilm", ilimi. Ka musanya biyun ƙarshe su ba ka "amal", aiki. Da an fara mana babin da wannan misali, wane ɗan Islamiyya ne zai ce bai gane ba?

27/
Shi kuma lissafin yiwuwa, a teburin caca aka haife shi. A 1654 wani ɗan caca a Faransa, Chevalier de Méré, ya kai wa Blaise Pascal tambaya kan yadda za a raba kuɗi in wasa ya tsaya bai ƙare ba. Pascal ya yi ta musayar wasiƙu da Pierre de Fermat, daga nan fannin ya kafu.

28/
Shekara 370 ke nan masu shirya caca na riƙe da ilimin nan. Mu kuma muna ba shi mako biyu a zango na uku, in malami bai yi tafiya ba.

29/
Kuma ba bet kaɗai ba ne. Ga inda abin ya fi zafi: aure.

AS ya auri AS. Uba na ba da A ko S, uwa ma haka. 2 × 2 = hanya 4: AA, AS, SA, SS. Ɗaya cikin huɗu sikila ce. Wannan kusan kowa ya ji.

30/
Abin da ba a ji ba shi ne 1 cikin 4 ɗin nan na kowane ciki ne, sabo fil. Na taɓa jin wata babba a danginmu na lallashin ma'aurata cewa tunda na fari ya zo da ita, ukun da ke biye sun tsira. Da kyakkyawar niyya ta faɗa. Amma kuskuren mai lido ne sak.

31/
In irin ma'auratan nan suka haifi 'ya'ya 4, damar a ce duk sun kuɓuta ita ce ¾ × ¾ × ¾ × ¾ = 81 cikin 256. Bai kai kashi 32 cikin 100 ba. Wato ya fi kashi 68 a samu aƙalla ɗaya mai SS.

Duk wanda ya taɓa kwana asibiti da mai sikila ya san me lambar nan ke nufi.

32/
Na san tambayar da ke tafe: "To ina ƙaddara? Ai komai na Allah ne."

Haka ne, ba musu. Amma kawuna in ya ga hadari ya haɗo daga gabas, iska ta canza, ba ya tura kwale-kwale. Wani lokacin hadarin ya watse ba a yi ruwa ba. Ba gaibu ya ce ya sani ba. Alamu ya auna, ya yi abin da hankali ya ba shi, ya bar wa Allah sauran.

33/
Lissafin yiwuwa bai taɓa cewa ga abin da zai faru gobe ba. Abin da yake cewa shi ne in aka maimaita abu sau da yawa, ga inda yake karkata. Mai ce maka "wasan yau tabbas ne, turo dubu biyu in ba ka", shi ne ke da'awar sanin gobe. In tabbas ne, me zai yi da dubu biyunka?

34/
Hukuncin caca a addini ba ɓoyayye ba ne, yana nan a Suratul Ma'ida, aya ta 90, malamai na faɗa kullum. A ƙarshen 2024 mun ga Hisbah ta rufe shagunan bet a Kano, Kotun Ƙoli kuma ta ce dokar caca hurumin jihohi ce. Ban raina ko ɗaya ba.

35/
Amma ƙanena bai taɓa taka shagon bet ba. Shagon na cikin aljihunsa, a buɗe har ƙarfe biyun dare. Kuma ya san haramun ne, da bakinsa ya faɗa mini. Abin da ya riƙe shi shi ne ya yi imani akwai riba, in ya ci sau ɗaya sai ya tuba. Wannan imanin, alƙalami da takarda ke karya shi.

36/
Daren nan na ce ya buɗo tarihin asusunsa mu tara. Ya yi ta nuƙu-nuƙu, daga baya ya buɗe. Wata biyar: ya zuba ₦63,500, ya ciro ₦11,200. Shi a ransa ya ɗauka sun yi kusan canjaras, don cin yake tunawa, ɗari biyar-biyar ɗin kuwa ba ya ƙirga su.

37/
Ya yi shiru. Sai can ya ce, "Dubu goma sha takwas a ciki na Baba ne."

Kuɗin kifi ne. Kifin da aka shiga ruwa tun asuba aka kamo, Inna ta kwana tana banda hayaƙi na cin idonta. Ban yi masa faɗa ba, lambar ta riga ni. Da safe na raka shi ya faɗa wa kawu da bakinsa.

38/
Ba zan yi muku ƙarya in ce ya daina gaba ɗaya ba. Ya goge manhajar, da aka dawo gasar zakarun Turai ya sake saukewa, ya sake gogewa. Abu ne mai kama jiki, lissafi kaɗai ba ya warkar da shi. Amma tun ranar ban sake jin "saura kaɗan" a bakinsa ba, kuma ciniki ya koma wayar kawu.

39/
To me nake roƙo?

Malamanmu na lissafi, Allah Ya saka da alheri, mun san nauyin da ke kanku. Don Allah a ciro babin nan daga ƙarshen zango. A fara shi da Hausa kafin a zo alamomi. A shigo da lido aji, yara su jefa sau 60 su rubuta abin da ya fito, su gani da idonsu.

40/
A yi misali da Rigata, da lambar sirrin ATM mai hanya 10,000 da dalilin da ya sa gwaji uku kawai ake ba ka, da gwajin jini kafin aure. Har da tikitin bet, a fasa shi a allo. Wani zai ce ai koya musu caca ke nan. Sun riga sun iya, Malam. Asarar ce ba su iya ƙirgawa ba.

41/
Mu kuma 'yan jami'a na Shanga, Yauri da Ngaski, muna dawowa hutu mu cika majalisa da gardamar Messi da Ronaldo. Awa ɗaya a mako ta isa. Tara ƙannenka biyar, takarda da biro, ku ninka 0.7 har sau 15 tare. Kar ka faɗa musu amsa, bari su iso ta da kansu.

42/
Kai kuma mai bugawa, ban zo in kunyata ka ba, abokaina na ciki. Abu ɗaya nake so ka yi yau da dare, kai kaɗai: buɗe tarihin asusunka, tara abin da ya shiga, tara abin da ya fito, na wata shida. Ba sai ka nuna wa kowa ba.

43/
Wanda ya ga kuskure a lambobina ya gyara mini a ƙasa, ɗalibi ne ni, zan karɓa. Wanda kuma ke son yadda aka samo 105 da 210 ɗin dalla-dalla, ya yi magana in ɗauko hoton takardar da muka yi aikin a kai, tana nan na ajiye.

Ku tura wa ƙannenku. Allah Ya tsare mana su, Ya sa albarka a ɗan abin da iyayenmu ke samowa. 🙏🏾